Masana Lafiya da Suke Raye Waɗanda Suka Cancanci Kyautar Nobel

Tambaya: Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, sai mu ji an sanar da waɗanda suka ci kyautar Nobel a fannin likitanci, galibi mutanen da ba mu taɓa jin sunansu ba, kan binciken da ba mu ga alaƙarsa da cututtukan da suke addabarmu ba. A cikin masanan da suke raye a yau, su wane ne Malam yake ganin sun cancanci a ba su wannan kyauta wata rana?

Amsa: Kafin na ambaci suna, ya kamata mai tambaya ya san ƙa'idoji uku da suke ɗaure hannun masu bayar da kyautar, domin su ne suke bayyana dalilin da ya sa cancanta take gefe guda, samu kuma yake gefe guda. Ta farko tana cikin wasiyyar da Alfred Nobel ya rubuta a 1895, inda ya ce a ba da kyautar likitanci ga wanda ya gano wani muhimmin abu sabo. Saboda haka farfesoshi 50 na Cibiyar Karolinska da ke Suwidin, waɗanda su ne suke kaɗa ƙuri'a, ba yawan rayukan da mutum ya ceta suke fara ƙirgawa ba, abin da suke tambaya shi ne mene ne ba a sani ba kafin aikinsa, aka san shi bayan aikinsa. Ta biyu ita ce ba a raba kyauta ɗaya ga fiye da mutum uku. Ta uku kuwa, tun daga 1974 ba a ba mamaci, sai dai idan ya rasu bayan an riga an sanar da sunansa. An ga yadda wannan ƙa'ida ta girgiza a 2011, lokacin da aka sanar da Ralph Steinman ba tare da an san ya rasu kwana uku da suka wuce ba, aka kuma bar masa kyautar saboda an zaɓe shi ne bisa zaton yana raye.

Babu misalin da ya fi nuna tsadar waɗannan ƙa'idoji kamar ruwan gishiri da sukari, wanda kowace uwa a ƙasashenmu ta san yadda ake haɗa shi idan yaro ya kamu da gudawa. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka nuna a Dhaka, babban birnin Bangaladash na yanzu, cewa mai kwalara zai iya rayuwa da wannan haɗi ta baki, a rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ƙwarai. A 1971 Dilip Mahalanabis, likita ɗan Indiya, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash bayan ledojin ƙarin ruwa sun ƙare masa, mace-macen da suke kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Ana ƙiyasta cewa wannan haɗi ya ceci rayuka fiye da miliyan 50. Mahalanabis ya rasu a 2022, Cash ya bi shi a 2024, ba wanda ya samu Nobel a cikinsu. Idan kwamitin yana so ya biya wannan bashi, Nalin na cikin 'yan kaɗan da suka rage, amma a gaskiya ba na sa ran haka, domin an daɗe ana kallon aikin a matsayin aiwatar da abin da masana hanji suka riga suka gano game da yadda sukari yake jan gishiri da ruwa zuwa cikin jiki.

Waɗanda nake ganin sun fi kowa cika sharuɗɗan kwamitin, kuma aikinsu ya taɓa mu kai tsaye, su ne Swee Lay Thein, likitar jini haifaffiyar Malesiya, da Stuart Orkin na Jami'ar Harvard. Aikinsu kan sikila ne, cutar da muke kira amosanin jini, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu fama da ita, inda ƙiyasin da aka fi ambatawa yake cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba yara masu sikila ya san labarin da iyaye mata suke bayarwa, domin kusan iri ɗaya ne. Uwa za ta ce yaron lafiyarsa ƙalau aka haife shi, ya yi ƙiba, yana shan nono, har aka yi suna aka yi arba'in ba abin da ya same shi. Sai wajen wata shida ta ga bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura sun yi zafi, yana tsala ihu idan an taɓa, idonsa ya fara yin rawaya. Abin da ya kare shi a watannin farko shi ne irin sinadarin jinin da tayi yake amfani da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Bayan haihuwa jiki yana rufe samar da wannan sinadari a hankali, ya koma ga na manya, wanda a jikin mai sikila shi ne gurɓataccen. Wata likitar yara a New York mai suna Janet Watson ta lura da wannan tun 1948. Tambayar da ta gagari masana kusan shekara sittin ita ce, wace ƙwayar gado ce take rufe wannan ƙofa, kuma shin ana iya sake buɗe ta.

Thein ta shafe shekaru tana bin iyalai da tagwaye domin ta gano dalilin da ya sa wasu manya suke ci gaba da riƙe sinadarin jinin tayi mai yawa, cutar kuma ta zo musu da sauƙi. A 2007 ita da abokan aikinta a Landan suka nuna yatsa ga wata ƙwayar gado da ake kira BCL11A, wadda kafin lokacin ba wanda yake danganta ta da jajayen ƙwayoyin jini. A 2008 ɗakin binciken Orkin, da hannun ɗalibinsa Vijay Sankaran, ya tabbatar da cewa ita ce mai rufe ƙofar. A 2011 suka nuna cewa idan an kashe ta a jikin ɓerayen da aka sanya wa sikila, cutar tana gyaruwa, a 2013 kuma suka gano ɗan yankin da za a iya taɓawa domin a kashe aikinta a cikin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai ba tare da an lalata sauran ayyukanta a jiki ba. Wannan yanki ne maganin Casgevy yake yankewa, maganin da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamban wannan shekara, wanda shi ne magani na farko da aka amince da shi daga fasahar gyaran ƙwayar gado ta CRISPR. An ba Thein da Orkin kyautar Shaw, wata babbar kyautar kimiyya ta Hong Kong, tare a 2024. Silsilar a miƙe take daga lura zuwa ganowa zuwa magani, mutanen kuma ba su wuce uku ba, wato irin abin da Karolinska take so ke nan.

Sai dai dole in faɗi wani abu a nan, domin kada iyayen masu sikila su ɗauki wannan a matsayin albishir na gobe. Farashin da aka sanya wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma ba allura ce da ake yi a tafi gida ba. Ana ɗebo ƙwayoyin asali na ɓargon majinyaci, a gyara su a ɗakin bincike, a ba shi magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa, wanda yana iya hana shi haihuwa, sannan a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara, ya yi makonni a asibiti. Abin da yake hannunmu a yau shi ne gwajin jini kafin aure, da gwajin jarirai, da rigakafin cututtuka, da tsohon maganin nan hydroxyurea, wanda shi ma sinadarin jinin tayi yake ƙarawa, wanda kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Tsadar maganin ba ta rage darajar abin da aka gano ba, domin yanzu masu neman ƙwayar da za a haɗiya ta yi wannan aiki cikin araha sun san takamaiman inda za su nufa.

Mutum na gaba shi ne Brian Greenwood, Baturen Ingila da aka haifa a 1938, wanda ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, sannan ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1970, yana bincike kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, kafin ya jagoranci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Gambiya na tsawon shekara 15. A Gambiya ne, ƙarƙashin jagorancinsa, aka yi gwajin da aka buga a 1991 wanda ya nuna cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara, ba rage cizo kawai ba. Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara daga gidan sauro ne.

Haka nan yana cikin jagororin dabarar ba yara maganin kariya a lokacin damina, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2012 domin yankin Sahel. Mazauna Katsina da Maraɗi da Sakkwato sun san ta a aikace ko da ba su san tarihinta ba: ma'aikata biyu suna bin gida gida sau ɗaya a wata idan ruwa ya sauka, su narkar da ƙwaya a cokali su ba yaro a gaban uwarsa, su bar mata sauran na kwana biyu, su yi alama da alli a jikin ƙofa. A 2023 yara fiye da miliyan 50 aka ba wannan magani. Matsalar Greenwood a gaban kwamitin ita ce aikinsa na taron dangi ne. Gwajin gidan sauro yana da hannun Pedro Alonso da Steve Lindsay, maganin damina kuma ba a maganarsa ba tare da Badara Cissé na Senegal da Alassane Dicko na Mali ba. Idan aka ce mutum uku kawai, wa za a cire? Japan ta warware nata a 2008, ta ba shi kyautar Hideyo Noguchi ta Afirka a karonta na farko tare da Miriam Were ta Kenya. Ina ganin ya cancanci Nobel, amma a cikin duk waɗanda na ambata shi ne damarsa ta fi ƙanƙanta.

Akwai wasu da zan wuce su da sauri, ba don ƙarancin darajarsu ba. An ba Harald zur Hausen kyautar a 2008 saboda gano cewa ƙwayar cutar HPV ce take haddasa kansar bakin mahaifa, amma waɗanda suka samar da rigakafinta, irin su Ian Frazer na Ostireliya da Douglas Lowy da John Schiller na Amurka, har yanzu ba a kira su ba, alhali ita ce allurar da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata a 2023. Quarraisha Abdool Karim da mijinta Salim na Afirka ta Kudu sun nuna a 2010 cewa maganin ƙanjamau yana iya kare mace daga kamuwa tun kafin ta haɗu da cutar, suka buɗe hanyar da ake bi a yau. Idan kuma hasashe ake so ba cancanta ba, masu binciken sinadarin hanjin nan GLP-1, wanda ya haifar da magungunan ciwon suga da ƙiba irin su Ozempic, su ne na fi zaton za su riga kowa. Abin da yake jinkirta su kawai shi ne sunayen da ake ambatawa sun fi uku, cikinsu da Svetlana Mojsov wadda aka daɗe ana tsallake sunanta.

Amma idan ƙuri'a ɗaya aka ba ni, Jean-Jacques Muyembe na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango zan ba. An haife shi a 1942, ya yi karatun likita a Kinshasa, ya yi digirin digirgir kan ƙwayoyin cuta a Leuven ta Beljiyam, ya kuma koma gida a lokacin da da yawa daga cikin sa'o'insa ba su koma ba. A 1976 aka tura shi Yambuku, wani ƙauye a arewacin ƙasar, inda wata cuta da ba a sani ba take kashe mutane a asibitin mishan. Asibitin yana fitar da sirinji biyar ne kawai kowace safiya, a yi ta yi wa ɗaruruwan mutane allura da su, wanda daga baya aka gano shi ne ya fi yaɗa cutar. Muyembe ya ɗebi jini da guntayen hanta ba tare da safar hannu ba, kuma ya sha ba da labarin yadda jini yake ƙin tsayawa daga inda ya soka allura, da yadda sabulu da ruwa kaɗai ya samu ya wanke hannunsa. Ya koma Kinshasa tare da wata ma'aikaciyar mishan 'yar Beljiyam da ta kamu, kuma jininta ne aka sanya a cikin filas aka aika birnin Antwerp na Beljiyam a jirgin fasinja, inda aka tarar ɗaya daga cikin kwalaben ya fashe a hanya. Daga irin waɗannan samfura aka ware ƙwayar cutar da aka raɗa wa sunan kogin Ebola. Mutum 318 suka kamu a wannan ɓarkewa, 280 suka mutu. Shekaru da dama labarin gano Ebola yana yawo a duniya da sunayen masanan Turai da Amurka, sunansa kuma ba ya ciki, alhali yana cikin waɗanda suka fara isa wurin.

Ba don wannan kaɗai nake zaɓarsa ba, domin jarumta ba ta cikin abin da kwamitin likitanci yake aunawa. Hujjata ta fara ne daga garin Kikwit na Kwango a 1995, inda Ebola ta sake ɓarkewa ta kashe kusan mutum 250. A ƙarshen annobar Muyembe da tawagarsa suka ɗebi jinin waɗanda suka warke suka ƙara wa majinyata takwas, bakwai suka rayu. Masana da yawa sun yi watsi da sakamakon, kuma suna da hujja, tunda mutum takwas ba su isa a gina hukunci a kansu ba, ba a kwatanta su da wasu da ba a ba jinin ba, sun kuma samu kulawar da sauran ba su samu ba. Gwajin ruwan jinin waɗanda suka warke da aka yi a Gini a 2015 ma bai nuna wani amfani bayyananne ba. Duk da haka Muyembe bai saki ra'ayinsa ba cewa a jikin wanda ya warke akwai garkuwar da za ta iya warkar da wani. Bayan fiye da shekara goma, tare da Nancy Sullivan ta cibiyar binciken rigakafi ta gwamnatin Amurka, aka koma ga ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira a Kikwit, aka tace daga jininsa garkuwa guda ɗaya mai ƙarfi wadda aka kira mAb114.

An gwada ta ne a yanayin da da wuya a samu wanda ya fi shi muni, wato a gabashin Kwango tsakanin 2018 da 2019, ana tsakiyar rikicin 'yan bindiga, ana ƙona cibiyoyin jinya, har aka kashe wani likitan Hukumar Lafiya ta Duniya ɗan Kamaru a Butembo. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da Muyembe yake shugabanta tun 1998 ita ce ta jagoranci gwajin tare da Amurkawa, aka kwatanta magunguna huɗu a kan majinyata kusan 700 bisa cikakkiyar ƙa'idar kimiyya. A Agustan 2019 aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa saboda bambancin ya fito fili: kimanin kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka ba mAb114 ne suka mutu, alhali kusan rabin waɗanda aka ba maganin da ake kwatantawa da shi sun mutu, a cikin waɗanda suka zo da ƙwayar cutar kaɗan a jini kuwa mutuwar ta tsaya wajen kashi 10. Amurka ta amince da maganin da sunan Ebanga a Disamban 2020. Mutum ɗaya ke nan da yake wurin a lokacin da cuta ta fara bayyana, ya kawo tunanin maganinta, aka ƙi shi, ya kuma jagoranci gwajin da ya tabbatar da shi shekara 43 bayan bayyanar cutar. Samun irin wannan a tarihin likitanci abu ne mai wuya.

Wanda zai ce kwamitin ba ya waiwayar cututtukan talakawa, sai a tuna masa 2015, shekarar da aka ba Tu Youyou ta Sin saboda artemisinin, tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sayarwa a kowane kemis, tare da William Campbell da Satoshi Ōmura saboda maganin tsutsar da take makantar da mazauna bakin kogi. Don haka ƙofar ba a kulle take ba. Amma gaskiya ne cewa tun daga 1901 ba a taɓa ba baƙar fata kyautar likitanci ba, kuma haifaffun Afirka ta Kudu da suka samu, irin su Max Theiler a 1951 da Sydney Brenner a 2002, a ƙasashen waje suka yi aikin da aka karrama. Wani ɓangare na dalilin yana cikin tsarin gabatar da suna, domin ba kowa yake da ikon gabatarwa ba sai waɗanda ƙa'ida ta ware ko aka gayyata, galibinsu farfesoshi da tsofaffin waɗanda suka ci kyautar, sunayen kuma a rufe suke har shekara 50.

Nakan ji wasu suna cewa tunda haka ne, a nema wa Muyembe kyautar zaman lafiya kamar yadda aka ba ɗan ƙasarsa Denis Mukwege a 2018. Ban yarda da wannan ba. Mukwege ya cancanci tasa saboda tsayuwarsa kan matan da aka ci zarafinsu a yaƙi, wannan kuwa aikin zaman lafiya ne na haƙiƙa. Aikin Muyembe na kimiyya ne, an buga shi a manyan mujallun likitanci, an auna shi da alƙaluma, kuma kwamitin likitanci ne ya kamata ya yi hukunci a kansa, shi da Nancy Sullivan, kujera ta uku kuma a ba ɗaya daga cikin masanan Kanada da suka samar da allurar rigakafin Ebola da aka tabbatar da ingancinta a Gini a 2015.